Baba yana ɓoye magani a cikin rigar filo

Wata 'yar uwa ce daga Kano ta turo min wannan saƙon, na ɗan taƙaita shi na kuma cire abin da zai sa a gane gidansu.

"Salam Anti Nas, dan Allah ki taimaka min da shawara. Babanmu ne ya samu shanyewar ɓarin jiki sati bakwai da suka wuce, ɓangaren hagu, likita yace hawan jini ne ya jawo. Kwananmu goma sha biyu a asibiti aka sallame mu da magunguna kala huɗu. Mamanmu ta rasu, yayyena maza biyu suna gari amma kowa da harkarsa sai dai su turo kuɗi, ni ce a kansa dare da rana. Da farko yana shan maganin, shekaranjiya ina gyara shimfiɗa sai na tarar da ƙwayoyi a cikin rigar filo, duk kala ɗaya, ashe fito da ita yake daga baki in na juya baya. Ruwa ma ya daina sha sai na yi da gaske, in ya sha kuma wani lokacin ya ƙware. In ya ɓata shimfiɗa na zo gyarawa sai ya juya fuska bango ya yini bai ce min komai ba. Mutumin da ya shekara talatin a kasuwa kowa wajensa yake zuwa, yanzu ko abokansa ne suka zo cewa yake a ce yana barci. Ga wani waje a ƙasan bayansa ya yi duhu. Baffanmu kuma ya kawo mai magani yace iska ce a daina na asibiti. Jiya na gaji na ɗaga masa murya, kwana na yi ina kuka. Ya zan yi in tilasta masa shan magani?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, yasa kaffara ce, ke kuma Allah ya ba ki masu yi miki. Zancen ɗaga muryar nan, gobe da safe in kin shiga gaishe shi ki durƙusa ki ce Baba ka yafe min na jiya gajiya ce, shikenan, kar ki tsaya dogon bayani. Sati bakwai babu cikakken barci ko waye sai ya kai bango.

Toh maganar tilastawa, ba za ki iya ba, kuma ko kin iya ba zai ɗore ba, dan wannan magani ne na shekaru ba na sati ɗaya ba. Amma ki sake karanta saƙonki a hankali, ni ina ganin kin riga kin rubuta dalilin da hannunki baki lura ba. Ƙwaya kala ɗaya yake cirewa, sauran ukun yana haɗiyewa, wanda ya ƙi magani gaba ɗaya ai duka zai tofar. Ya daina shan ruwa. Kuma lokacin da yake juya fuska bango shine lokacin da kike gyara masa shimfiɗa. Haɗa ukun nan waje ɗaya ki gani. Ki ɗauko ƙwayar da kika tsinta ki gwada da kwalayen, ko ki kai wa masu ba da magani a asibitin su faɗa miki wacce ce, zato na mai ƙarfi shine irin maganin hawan jinin nan ne mai sa yawan fitsari, kamar Moduretic da danginsa. Baba ya lura in ya sha ta fitsari yake matsa masa, ba ya iya tashi, kafin a zo ya jiƙa shimfiɗa, kuma wadda za ta zo ta cire masa wando ta goge shi 'yar cikinsa ce. Dattijon Bahaushe zai iya zaɓar ƙishirwa da hawan jini a kan wannan, wallahi zai iya.

Na san haka ne dan na taɓa yin kuskuren da kaina. Farkon fara aikina a ɗakin maza akwai wani dattijo da ya ƙi ruwa ya ƙi magani, kwana uku ina rubutawa a rahoto wai mara lafiya ba ya ba da haɗin kai. Wata babbar sista ce ta ja kujera ta zauna kusa da shi ta sa aka ja labule, ta sallami matan da suke jinyarsa, ta ce Baba me yake damunka da maganin nan, ba ta ƙara komai ba ta yi shiru. Ya daɗe kafin ya ce surukarsa ce take zubar masa da fo. Ranar aka nemo jikansa namiji ya dawo kwana a wajen, washegari da kansa ya nemi ruwa. Har yau in na tuna abin da na rubuta a kan bawan Allahn nan sai na ji nauyi a ƙirjina, tun daga nan ban ƙara cewa wani ya ƙi magani ba sai na tambaye shi dalili, kuma na bar shi ya gama magana.

Ke ma tambayar za a yi, amma ba lallai ke ba. Akwai maganar da uba ba zai yi da 'yarsa ba ko za a shekara. Ki samu babban yayanku ko wani amininsa na kasuwa da yake sakin jiki da shi, ya shiga su biyu kawai, kar a fara da "me yasa kake ɓoye magani" dan zai ji kamar an kama shi da laifi ya ƙara rufewa, a ce masa Baba wanne ne cikin magungunan nan yake takura maka, me yake sa ka. In ba fitsari ba ne kuma za ku ji, wani jiri yake sa shi, amlodifin yakan kumbura ƙafa, lisinofiril yakan sa busasshen tari mai naci da dare, wani kuma haɗiyar ce take masa wuya yana tsoron ya shaƙe. Kowanne a cikinsu akwai yadda ake yi da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2003 cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba kusan rabin masu ciwon da ake daɗewa ana shan magani ne kawai suke sha yadda aka rubuta, kinga Baba ba shi kaɗai bane, kuma yawancinsu suna da dalili, ba a tambaya ne.

In an ji dalilin sai a koma asibiti cikin satin nan, kar a jira ranar da aka rubuta a kati, ki tafi da ƙwayoyin da kika tsinta ki faɗa wa likita gaskiya kwana nawa bai sha ba, dan in kika ɓoye zai auna ya ga jinin a sama ya ɗauka maganin ne ya yi kaɗan ya ƙara wani a kai. Maganin hawan jini kala-kala ne, likita zai iya canza masa ko ya gyara lokacin sha. Mai sa fitsarin nan dama da safe ake shansa dan ya gama aikinsa da rana a samu barci, in da dare kike ba shi to wannan ma ya ƙara wahalar. Amma dan Allah kar ki cire ko ki canza da kanki, kuma kar ki daka ki zuba masa a kunu a ɓoye. Wasu ƙwayoyin an yi su ne su narke a hankali cikin yini, in aka daka sai su shiga jini lokaci guda su faɗar da shi, sannan ranar da ya ɗanɗana ɗacin ya gane, kunun ma ya daina karɓa daga hannunki.

Shi kuma fitsarin, a sayo gorar fitsari ta maza mai faɗin baki, ana samu a manyan kemis da shagunan kayan asibiti, a ajiye ta ɓangaren damansa inda hannu mai lafiya zai kai, da zani a rufe masa jiki, da wando mai roba sakakke ba mai tazuge ba. Duk awa biyu zuwa uku a miƙa masa a fita a ja ƙofa, ba sai ya nema ba. Mutum ya yi da kansa a rufe ko da wani ne zai zubar, da a zo a tarar da shi a jiƙe, bambancinsu a zuciyarsa kamar sama da ƙasa ne. In ya fara iya zama a nemo kujerar nan mai fo a ƙasa a ajiye gefen gado. Wanka da tsarki kuma aikin yayyenki ne, zan dawo kansu.

Me yasa na damu da ƙwayar nan haka. Akwai babban bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da Kano da Zariya a ciki, sunansa SIREN, Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan yana cikin jagororinsa, sakamakon ya fito a 2018, sun duba sama da mutum 2,000 masu wannan ciwon suka kwatanta da masu lafiya. Abin da suka samu shine wajen kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a yankinmu yana da alaƙa da hawan jini. Wanda ya taɓa samu sau ɗaya yana cikin haɗarin ya sake, musamman a watannin farko, kuma hawan jini ba ya ciwo balle ya ce ya ji alama. Ki nemi na'urar awo ta gida in da hali, ta dantse ba ta wuyan hannu ba, safe da yamma ya zauna ya huta minti biyar a auna, a rubuta a littafi da kwanan wata. Ki bar shi ya riƙa ganin lambar da idonsa. Ɗan kasuwa ne, ya san lissafi, in ya ga ranar da ya sha ga abin da ta nuna ranar da bai sha ba ga abin da ta nuna, wannan ya fi duk wani wa'azin da za ki yi masa. Maganin ma ki zuba a 'yar robar nan mai gida bakwai na kwanakin sati, ki haɗa shi da wani abu da ba ya wucewa kamar karin kumallo bayan asuba, ki ajiye a gabansa ya buɗe ya ɗauka da hannunsa, ke dai ki zauna kuna hira har ya haɗiye.

A binciken SIREN ɗin nan sun ga masu ƙara gishiri a kan abinci sun fi shiga haɗari, masu cin ganye kullum kuma haɗarinsu ya ragu. Gishirin da aka yarda babba ya ci a yini bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba, giram 5, kuma Maggi da sauran dunƙule da kanwa duk suna cikin lissafin. Ki rage a hankali ki ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa dan kar miyar ta yi lami ya ƙi ci, ga zogale ga alayyahu ga rama. In jikinsa na ciwo kar a sayo masa ibufurofen ko diklofenak a kemis, suna tayar da jini suna taɓa ƙoda, a tambayi likita.

Yanzu wajen nan da ya yi duhu a bayansa, wannan yau za ki fara, kar ki kai gobe. Farkon gyambon kwanciya kenan. A littafi ja ake cewa, amma a fatarmu ba ja yake fitowa ba, duhu yake yi ko ya yi kamar shuɗi-shuɗi, in kin taɓa ki ji ya fi gefensa zafi ko tauri, shi yasa ake yawan makara a kanmu. Nauyin jiki ne yake danne fata a kan ƙashi jini ya kasa zuwa, ga danshin fitsari ya ƙara jiƙa ta, kuma wani lokacin ɓarnar ta ciki ta fi abin da ido yake gani. Maganinsa na farko a ɗauke nauyi daga wajen gaba ɗaya. Duk awa biyu a juya shi, ba a kan ƙashin ƙugu sosai ba, a ɗan karkata shi a tokare bayan da filo, wani filon tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin sharaɓa yadda diddige zai tashi daga katifa dan nan ma yana ci. Kar ki murza wajen da sunan tausa, kar a shafa man zafi ko sifirit ko hoda ko toka. Ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, a tsane da tawul a hankali ba gurzawa ba, a shafa basilin siriri inda fitsari yake taɓawa. Zanin gado a miƙe babu tattara babu ɓurɓushin abinci, kuma kar ya kwanta kai tsaye a kan leda, a shimfiɗa zani a kanta. In za a gyara masa kwanciya mutum biyu su ɗaga shi da zani, jan mutum a kan katifa yana saɓule fata. Kullum in ana goge masa jiki a duba ƙasan baya, ƙugu, diddige, idon sawu, kafaɗa. In kin ga ya yi ƙurji ko ya fashe ko yana ruwa ko wari, a kai shi nas ta gani ta wanke ta nuna miki yadda ake rufewa. Na ga mutanen da suka tsallake shanyewar lafiya lau gyambon nan ya mayar da su asibiti wata da watanni, shi yasa nake nanatawa. Fata kuma ba ta haɗewa sai da abinci mai gina jiki, ƙwai, wake, kifi, awara, nono.

Ƙwarewar da yake yi ita ma ki faɗa wa likita da bakinki a duba haɗiyarsa. Ciwon yakan raunana maƙogwaro, ruwa ya bi hanyar iska ya sauka huhu ya zama nimoniya. Abin da mutane basu sani ba shine tsinkakken ruwa ya fi wuyar haɗiya a kan abu mai ɗan kauri, dan gudu yake kafin maƙogwaro ya shirya. Kafin a duba shi, kar a ba shi komai a kwance ko yana gyangyaɗi, ya zauna a miƙe sosai, kai ya ɗan sunkuya ba ya ɗaga sama ba, kaɗan-kaɗan da cokali ko kofi, banda buta banda ɗura, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Kunu, koko, farau-farau mai ɗan kauri, fate, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa. In ya gama ya zauna minti talatin kafin ya kwanta, a duba kuncin hagu dan abinci yakan maƙale a nan bai sani ba, a wanke baki safe da dare. In muryarsa ta koma kamar mai kurkure bayan ya sha abu, ko zazzaɓi ya zo da tari da saurin numfashi, asibiti. Rashin shan ruwan nan kuwa shi yake kawo taurin bayan gida da ciwon mafitsara da ruɗewa, ki riƙa duba kalar fitsarin, in ya yi ja sosai ruwa ya yi kaɗan.

Wata magana kuma da za ta yi miki nauyi. Na san tausayi ne yake sa ki yi masa komai, ki ba shi a baki ki sa masa riga ki goge masa fuska. Ki rage. Ƙwaƙwalwa tana koyon sabuwar hanya ne da maimaici, kuma mafi yawan sauƙin da ake samu a watanni uku zuwa shida na farko yake zuwa, ana ci gaba da samu bayan nan amma a hankali, kinga sati bakwai sun riga sun tafi. Duk abin da zai iya ko zai ɗauki minti ashirin a bar shi ya yi, ki zauna kusa ki riƙe hannunki. Baki ambaci fisiyo ba, wato gashi da motsa gaɓoɓi da ƙwararru suke yi a asibiti, ko sau ɗaya a saƙonki kuma wannan ya dame ni. Ki nemi likita ya tura ku sashen gashi, akwai a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai a Murtala, akwai a asibitin ƙashi na Dala, ki ce su nuna miki motsin da za ku riƙa yi a gida, ki yi a gabansu su gyara miki, in sun yarda ki ɗauka a waya. Duk abin da nas ko likita ya faɗa miki ki maimaita masa da bakinki kafin ki fito, mu ma haka ake koya mana mu sa majinyaci ya yi, a nan ake gane inda aka sha bamban. A gida kullum a motsa masa yatsu da wuyan hannu da gwiwar hannu da ƙafa a hankali kar su sandare, iya inda ba zafi. Ki sa masa carbi a hannun hagun, na dama ya taimaka yana ja. Riga a fara sa hannun da ya shanye, wajen cirewa shi ne na ƙarshe. Kuma ki gargaɗi duk mai ɗaga shi, kar a kuskura a ja shi ta hannun hagu ko a cusa hannu a hammatarsa a finciko, kafaɗar ba ta da ƙarfin riƙe kanta, gocewa take ta bar shi da ciwon da zai hana shi motsa jikin ma. In yana zaune a ɗora hannun a kan filo kar ya yi lilo. Masu shanyewar hagu wasunsu sukan manta da ɓangaren gaba ɗaya, ki lura ko yana cin rabin kwano ya bar rabi, in haka ne ki riƙa zama ta hagunsa kina masa magana ya juyo.

Kullum a fito da shi daga gadon nan. Ya zauna a kujera, a sa masa riga mai kyau da hula da turare, a kai shi tsakar gida ko zaure ya sha hantsi. Ƙin ganin abokai kunya ce, ba ya so waɗanda suka san shi a kan benci yana ba da umarni su gan shi a kwance ɗaki yana zarni. A fara da mutum ɗaya, wanda ya fi kusa da shi, a faɗa masa tun kafin ya zo, ya zo bayan an yi wanka an shirya, kuma a roƙi abokin kar ya zauna yana sannu sannu yana girgiza kai, ya kawo labarin kasuwa, ya nemi shawararsa a kan wani ciniki. Ku ma a gida ku daina yanke magana a kansa yana ji kamar ba ya wajen. Kuɗin cefane ya bi ta hannunsa, a tambaye shi me za a dafa, in za a yi wani abu a gidan a zo a durƙusa a faɗa masa kamar da. Sallah kuma kar a bari ta kuɓuce masa dan yana ganin ba shi da tsarki, Annabi SAW ya ce wa Imrana bin Husaini ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa, hadisin yana Bukhari, ga taimama in alwala ta yi wuya, a kira malamin unguwa ya zo ya yi masa bayani da kansa zai fi kwanta masa. Tare da duk wannan ki sani kusan mutum ɗaya cikin uku na masu wannan ciwon suna samun ciwon damuwa, ciwo ne na gaske ba raunin imani ba, kuma ana maganinsa. In ya wuce sati biyu ba ya sha'awar komai, ba ci ba barci, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta ku huta, kar ki ce masa haba Baba ki wuce, ki faɗa wa likita.

Baffa kar ki yi jayayya da shi, ba za ki ci riba ba kuma shi ma ɗan uwansa yake so ya tashi. Addu'a da tofi a ci gaba, babu nas ɗin da za ta hana, Annabi da kansa ya ce a nemi magani. Abin da za a tsaya a kai shine ba a daina na asibiti, ba a ɗura masa jiƙon da ba a san me ke ciki ba, ba tsaga ba ƙaho musamman in cikin magungunansa akwai asfirin ko wani mai tsinka jini, kuma ba gashi da ruwan zafi ko garwashi a ɓarin da ba ya ji sosai, ƙonewa zai yi bai sani ba. Babban yayanku ne zai faɗi wannan ba ke ba. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a roƙi Baffa ya raka ku ganin likita a matsayinsa na babba, in an yi hoton ƙwaƙwalwa a nuna masa wajen da abin ya taɓa, a bar shi ya yi tambayoyinsa.

Sai yayyenki. A asibiti aiki uku muke rabawa, safe da yamma da dare, kowa ya yi nasa ya tafi gida ya kwanta, ke kin haɗa ukun ke kaɗai kwana arba'in da tara. Juyi duk awa biyu har cikin dare ba aikin mutum ɗaya bane, kuma kuɗi ba ya juya mara lafiya. Ki kira su ku zauna, ba da kuka ba ba da gori ba, ki rubuta a takarda abin da ake yi daga asuba zuwa asuba ki ajiye a gabansu, ki nuna musu ƙwayoyin da kika tsinta ki ce Baba kunyata yake ji. Su raba kwana a tsakaninsu, wanka da tsarki da kai shi fisiyo nasu ne, in da gaske aiki ya hana to kuɗin da suke turowa a ɗauki namiji mai hankali a koya masa. In sun yi nauyin ji ki kai maganar wajen Baffa, ga aikin da ya dace da shi nan. Ke kuma ki samu yini ɗaya a sati ki fita daga gidan, ki yi barci, ki auna naki jinin ma dan abin yana bin gida.

Wannan kuma ki faɗa wa kowa a gidan har yara. In bakinsa ya ƙara karkacewa, ko wani hannu ko ƙafa ya saki sabo, ko magana ta harɗe, ko ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, ko jijjiga, ko ya yi ta barci ba ya farkawa sosai, kar a ba shi komai ta baki ko ruwa ko rubutu, a kwantar da shi ta gefe, a duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, a tafi babban asibiti nan take ko tsakar dare ne. Haka in na'urar ta nuna 180 a lambar sama ko 120 a lambar ƙasa kin sake aunawa bai sauka ba, ku tafi a ranar.

Nan da sati biyu ki sake rubuto min, ki faɗa min sunan ƙwayar da abin da likita ya ce a kanta, lambobin da ke littafin awo, yadda wajen bayan nan ya koma, da kuma waye yake kwana da shi yanzu. Ki gaida min Baba da jiki.